Tambaya: sifidloda ɗaya za ta iya yi wa libarba uku aiki?

Bakano_Houston ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar harbin gasa a cikinmu shawara nake nema, don na san akwai manya a nan da suka daɗe da libarba tun kafin mu shigo ƙasar nan. Shekara biyu kenan kusan duk Asabar in na sauke yara a islamiyya sai in wuce filin harbi, kuma ni dai tun farko libarba ce ta kwanta min a rai fiye da masu magazin, ban san dalili ba, wataƙila don komai nata a fili yake kana ganinsa da idonka. Yanzu guda uku ne a wajena, akwai Ruger GP100 mai hanci inci 4 mai cin harsashi shida, sai wata tsohuwar Smith & Wesson Model 10 da na saya ta hannu itama shida take ci, sai ƴar ƙaramar 642 mai cin biyar. Duka ukun .38 Special nake zuba musu, GP100 ɗin ce kawai wani lokaci nake sa mata .357 in ina so in ji ƙarfi.

Watan jiya na shiga gasar kulob ɗinmu karo na farko. Harbin kam Alhamdulillah ba laifi, amma wajen ɗuri aka bar ni a baya sosai, ina ciro harsashi ɗaya bayan ɗaya daga aljihu hannuna na rawa, biyu suka suɓuce suka faɗa cikin tsakuwa ga agogo yana ta tafiya. Wani dattijon Bature da ya yi harbi kafin ni, wlh zai kai saba'in, na ga ya buɗe silinda, wato gangar nan mai ramukan harsashi da take juyawa, ya ɗaga bakin bindigar sama ya buga sandar nan, kwanso shida suka zubo gaba ɗaya, ya ciro wani abu zagayayye daga bel ɗinsa kamar murfin kwalba ya ɗora ya danna ya rufe, kafin ƙiftawa da bismillah ya ci gaba da harbi. Daga baya ya nuna min ya ce sifidloda sunanta.

To shine washegari na je wani shagon bindigogi, yaron da ke kanta ya ce min ai duk .38 mai cin shida ɗaya ne, ɗauki wannan kawai. Na kwashi guda uku, ta kamfanin HKS ce an rubuta 10-A a jikinta. A Model 10 tana shiga sumul ba gardama. Amma a GP100 kawunan harsasan sai su ɗan leƙa cikin ramukan su cije, sai na yi ta girgizawa ina murzawa, wani lokaci huɗu su faɗa biyu su karkace. Na koma shagon aka ce tunda na buɗe kwali ba a karɓa, abin ya ɓata min rai gaskiya don ba kuɗin ba ne, maganar da aka faɗa min ce ba daidai ba.

Tambayata, akwai sifidloda ɗaya da za ta yi wa masu shidan nan biyu aiki ko dole kowacce da tata? Wace iri ce ta fi tsakanin ta murɗawa da ta dannawa? Ita kuma ƙaramar me ya dace da ita? Sannan ina tara kuɗin 686 Plus mai cin bakwai, in na saya abin da zan saya wa GP100 yanzu zai yi mata? Allah ya saka da alheri.

Kawu_Columbus ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka damu, kusan duk wanda ya fara harkar nan sai ya bi ta wannan hanyar. Abu ɗaya nake so ka riƙe, loda ba ruwanta da lambar harsashi, silinda take bi. Ka ɗauki misalin wilin mota, za ka ga wili biyu kowanne da ramin noti biyar amma na wannan motar ba zai zauna a waccan ba, saboda da'irar da ramukan suke zaune a kai ba faɗinta ɗaya ba. To haka silindar libarba take. Model 10 ɗinka da GP100 duka ramuka shida ne kuma harsashi iri ɗaya suke ci, amma silindar GP100 ta fi kauri, ramukanta sun fi nisa da tsakiya da ɗan abin da ido ba zai gani sosai ba, shi ne kake ji suna cijewa. Ba laifin lodar ba ne, ba kuma laifin hannunka ba ne.

Su Smith & Wesson sun kasa bindigoginsu ne da girman firam, sun ba su haruffa. J ita ce ƙarama, irin 642 ɗinka da 36 da 60 da 442, yawancinsu biyar suke ci in .38 ne. K matsakaiciya ce, nan ne gidan Model 10 da 15 da 19 da 64 da 66, kuma ita Model 10 ɗin nan da kake gani asalinta tun 1899 take, ƴan sandan Amurka sun yi shekaru aru-aru da ita a ƙugu. L ta fito ne a farkon shekarun 1980 saboda harsashin .357 mai zafi yana gajiyar da masu firam K in ana yawan harba shi, sai suka ƙara wa firam da silinda nama, shi ne 586 da 686. Sai babbarsu N, irin 27 da 28 da kuma 29 mai .44 Magnum. Ita GP100 ta Ruger da ta fito tsakiyar shekarun 1980 silindarta kusan sa'ar ta L ce, shi ya sa loda ɗaya take yi musu.

In HKS za ka ci gaba da saye, lambar da ke jiki ita ce jagoranka. 10-A da ke hannunka ta K ce, ka ajiye wa Model 10 abarta ba asara ka yi ba. GP100 mai shida 586-A take so, ita ce kuma ta 586 da 686 masu shida. Ƙaramar taka 36-A, wadda kuma take yi wa Ruger SP101 mai biyar. 686 Plus kuwa kar ma ka sa rai, firam ɗin L ne amma ramuka bakwai ne, tata daban 587-A. Kaga kenan ko sunan bindiga bai isa ba sai ka ƙirga ramukan, don mutum zai ce min 686 gare shi sai na tambaye shi shida ko bakwai kafin in ba shi amsa. Masu Colt ma nasu daban ne, Python tana da PY-A, Detective Special kuma DS-A don ita ƙarama ce amma shida take ci. Wanda kuma yake da irin ta kaboyi, kamar Ruger Blackhawk da ake buɗe wata ƴar ƙofa a gefe ana sa harsashi ɗaya ɗaya, shi babu lodar da za ta yi masa tunda silindar ba ta fitowa gefe.

Maganar murɗawa da dannawa kuwa, kowacce da halinta. HKS ta murɗawa ce, ka jera harsasai ka murɗa ɗan kan nan su kulle, in ka saka a silinda ka murɗa su zube. Harsasan suna ɗan motsi a cikinta suna kaɗawa, wasu ba sa son ƙarar amma ni ina ganin wannan sakin ne yake sa su nemi ramukan da kansu. Sai dai dole ka riƙe silinda da yatsun hagu lokacin murɗawa, in ba haka ba ita da lodar za su juya tare ba abin da zai faɗa. Safariland kuma ta dannawa ce, akwai Comp I da Comp II da Comp III, ka tura ta kawai, da tsakiyarta ta taɓa tauraron nan na bayan silinda, wato ƙarfen da yake turo kwanso waje, sai ta saki, na tabbata irinta ka gani a hannun dattijon nan. Akwai kuma na Five Star da ake sassaƙawa da alminiyom, suna da kyau da ƙarko, amma ka sani gefen da ake murɗa su don su saki akasin na HKS ne. Wannan ne ya sa nake hana yara haɗa iri biyu a bel ɗaya, hannu abu ɗaya yake koya, ranar gasa in zuciya na bugawa ba za ka tsaya tunanin hagu ko dama ba, abin da hannu ya saba shi zai yi.

Kuma kar ka raina ɗan abin nan don ka ga roba ce mai arha. A Afrilun 1970 a wani wuri da ake kira Newhall a Kalifoniya an kashe ƴan sandan babbar hanya huɗu cikin ƴan mintuna, ɗaya daga cikinsu yana tsugunne ne yana ɗura libarbarsa harsashi ɗaya ɗaya aka cim masa. Bayan wannan ne hukumarsu ta sake salon horo kuma ta amince jami'anta su riƙa ɗaukar sifidloda, wasu hukumomin suka biyo baya. Mu dai namu wasa ne a filin harbi, Allah ya tsare mu da ganin irin wannan rana, amma nan ne abin ya samo darajarsa.

Shawarata, guda ɗaya tak za ka fara saye ga kowace bindiga, ka gwada a gida da harsashin bogi, sai ta zauna maka sannan ka ƙaro.

Maman_Yara_Dallas ta rubuta:

Sannu Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kullum muna ƙaruwa da kai. Yaya Bakano ni a kan ƙaramar zan yi magana don irinta gare ni, 442 ce tawa, bambancinsu da taka kala ne kawai. Ko ka sayi lambar da ta dace akwai abin da ba a rubutawa a kwali, shine ƙota. A ƙananan nan silinda in ta fito gefe ba ta yin nisa da firam, to in ƙotar roba ce mai kauri ta ɓangaren hagu, jikin lodar zai gogi robar ya hana ta miƙewa daidai da ramukan, sai ka ga ta shiga a karkace. Ni da na fara na ɗauka lodar ce ba tawa ba, sai da maigidana ya duba ya nuna min inda robar ta yi ƙyalli saboda guga, daidai saman inda babban yatsa yake zama. Mun canza ƙota muka sa mai ɗan rami a wajen, daman ana yin su musamman saboda loda, shikenan magana ta ƙare. Wasu kuma feƙe robar suke yi da reza su goge da samfefa, yana yi amma a hankali don in ka zarce ba ta dawowa. Wani lokaci kuma ba ƙotar ba ce, ɗan maɓallin nan ne da ake turawa gaba a buɗe silinda yake tokare lodar, sai ka ɗan juya silindar kaɗan ka nemi kwanar da take wucewa.

Amma gaskiya ni yanzu na fi amfani da tsirin roba ɗin nan, Bianchi Speed Strip ko na Tuff, wanda ake jera harsasai a layi ɗaya kamar haƙoran mataji. Biyu biyu ake sawa, ka cusa biyu ka ɓalle ka juya silinda ka cusa biyu. Bai kai zagayayyiyar sauri ba ko kusa, ban ce ya kai ba, amma shi shafal yake yana kwanciya a aljihu ko jaka ba ya yin tudu, kuma ga amsar tambayarka ta farko a nan, shi ne kaɗai abin da zai yi wa bindigoginka duka uku aiki tunda shi gindin harsashi kawai yake riƙewa ba ruwansa da faɗin silinda. Ko 686 Plus ɗin ka saya zai yi mata. Kuma in harsashi biyu kawai ka harba kana so ka cike gurbinsu shi zai yi maka, zagayayyiya kuwa sai dai ka zubar da duka.

Abu na ƙarshe, sandar turo kwanso ta ƙananan nan gajera ce saboda hancin inci biyu bai ma cika ba, ba ta turo kwanso har ƙarshe. Dole ka ɗaga bakin sama sosai ka buge ta da tafin hannu da ɗan ƙarfi sau ɗaya. In ka yi a kwance ko ka tura a hankali kwanso ɗaya zai iya maƙalewa ƙarƙashin tauraro, kuma wlh fitar da shi aiki ne, ga garin albarushin da bai ƙone ba yana zuba a ƙarƙashin tauraron ya hana silinda rufuwa. Ni tsohon burushin haƙori nake ajiyewa a jakar filin harbi saboda wannan.

Ɗan_Zariya ya rubuta:

Ikon Allah, mu dai nan gida sai dai mu karanta. Ni rabona da ganin libarba tun muna yara a ƙugun wani sufeto a unguwarmu. Kawu dan Allah wannan lodar in mutum zai dawo gida zai iya sakota a jaka a matsayin tsaraba ko itama laifi ce? Ƙanena yana karatu a can yana ta cewa yana so ya shiga harkar harbin nan.

Kawu_Columbus ya rubuta:

Ɗan Zariya kar ka soma, kar kuma ka bari ƙanenka ya soma. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisi daga shugaban ƙasa, to me za ka ce wa jami'in kwastan in ya ciro kayan ɗurin libarba daga jakarka a filin jirgin Kano ko Abuja? Ni jakar da nake zuwa filin harbi da ita ba ta taɓa hawa jirgi ba, kuma duk sanda zan je gida sai na zazzage akwatina na laluba kowane aljihu, don harsashi ɗaya da ya ɓuya a lungun jaka ya isa ya jefa mutum cikin bala'i. A 2024 Amurkawa da dama aka tsare a tsibiran Turks da Caicos saboda ƴan harsasan da suka manta a kayansu. Shi kuma ƙanenka in da bizar karatu yake zaune, dokar tarayyar Amurka ta hana masu irin wannan biza mallakar bindiga ko harsashi sai a wasu ƴan keɓaɓɓun halaye, ba kamar mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, ba. Ya nemi lauya ya tambaya kafin ya taɓa komai, kar abokai su ruɗe shi ya rasa karatunsa.

Badamagare_Arizona ya rubuta:

Gaisuwa Kawu, gaisuwa Hajiya. Malam Bakano ni ta fuskar gasa zan zo maka don shekara ta bakwai kenan ina harbi a ICORE, ƙungiyar ƴan libarba zalla. Kafin ka kashe kuɗi a 686 Plus ka fara tambayar kanka wane rukuni kake so ka shiga. A ICORE akwai rukunin Classic, shi na masu cin shida ne da sifidloda, ba a yarda da mun kilif ba, wato faifan ƙarfen da ake jefawa cikin silinda tare da harsasai, GP100 ɗinka da Model 10 duka sun dace da shi yadda suke ba sai ka sayi wata bindiga ba. A IDPA, wata ƙungiyar gasar harbin, ma shida ake yarda ka ɗura wa libarba. To mai bakwai sai ta zama a tsakiya, ta wuce rukunin masu shida kuma ba ta kai masu takwas irin 627 da 929 da ake fafatawa da su a manyan rukunai ba. Bindiga ce mai kyau ba na kushe ta, amma in don gasa ne ka tsaya ka yi lissafi. Ga kuma wani abu, Comp II da Comp III na firam L masu shida ne, in ka koya wa hannunka dannawa sannan ka sayi Plus sai ka nemi wani kamfani kamar Speed Beez ko ka koma murɗawa.

Ni a Classic Comp III nake amfani da ita. Doguwa ce tana da mariƙi mai tsawo da sifirin a ciki, da ka danna ba faɗawa harsasan suke yi don nauyinsu ba, sifirin ne yake harba su ciki, ko bindigar ba ta kalli ƙasa sosai ba za su shige. Amma girmanta ya sa ta gasa ce kawai, sai da zabirarta ta musamman a bel. Comp II ta fi dacewa da mai farawa, gajera ce kuma tana riƙe harsashi gam, ta GP100 lambarta J-GL8C, ta Model 10 kuma J-K2C. Cika ta ne yake ɗan ba sabon shiga wahala, sai ka jera harsasan ka kifa kawunansu a kan tebur ka danna ka murɗa kan har ka ji ƙas, in ba ka ji wannan ƙarar ba kar ka ɗaga don zubewa za su yi.

Yanzu ga abin da mutane suke mantawa, siffar kan harsashi tana da tasiri kamar ita lodar kanta. In kana harba wadkota, mai kan nan shafal kamar an yanke da wuƙa wanda ake sa wa nauyin giren 148 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), yana huda takarda da kyau zagaye tas amma wajen ɗuri da loda azaba ne, baki shida masu kaifi kake so su sami rami shida lokaci ɗaya. Sa mai zagayayyen kai, giren 158 na dalma ko 130 mai rigar tagulla, za ka ga kamar ramukan ne suke zuƙe su. Sannan .38 ya fi .357 saurin shiga da saurin fita don kwansonsa ya fi gajarta da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Amma tunda ka ce kana haɗa su a GP100 ka kula, in ka harba .38 da yawa datti yana yin zobe a cikin ramin daidai inda gajeren kwanso ya ƙare, ranar da ka sa .357 sai ya ƙi shiga har ƙarshe ka ɗauka loda ce ta lalace alhali burushi ramin yake so. Mu masu gasa muna kai silinda wajen mai gyaran bindiga ya ɗan share bakin kowane rami ya yi masa gangare kaɗan, aikin ba shi da tsada kuma bambancin a bayyane yake, sai dai kar ka yi da kanka don in aka ci tauraron da yawa kwanso zai riƙa zamewa ƙarƙashinsa.

Mun kilif kuwa tunda na ambata bari in ɗan faɗa, wani siririn faifan ƙarfe ne da yake riƙe gindin harsasan duka, da shi da su ake jefawa cikin silinda a rufe, in an gama su fito tare. Asalinsa daga yaƙin duniya na ɗaya ne, a 1917 sojan Amurka ba su da isassun fistol 1911 sai Smith & Wesson da Colt suka yi libarba mai cin .45 ACP, shi kuma wannan harsashin ba shi da leɓen da tauraro zai kama, sai aka yi faifai mai siffar rabin wata mai riƙe uku uku. Da cikakken faifan ne Jerry Miculek a 1999 ya harba shida ya sake ɗuri ya harba shida cikin daƙiƙa 2.99, ka nemi bidiyon ka gani da idonka. Ba abin da ya kai shi sauri amma sai an yanka bayan silinda musamman dominsa, kuma in faifan ya ɗan lanƙwashe silinda za ta yi nauyin juyawa. Ba yanzu ba tukuna, ka fara ƙwarewa a loda.

Atisaye kuma a gida ake yinsa ba a fili ba. Ka sayi harsasan bogi irin A-Zoom, ka fitar da duk harsashi mai rai daga ɗakin gaba ɗaya ka kai wani ɗaki ka kulle, ka duba silinda sau biyu, ka tsaya a gaban gado don abin da ya faɗi ya faɗa kan katifa. Minti goma kullum bayan isha'i ya fi awa uku ranar Asabar. Kuma in ka saki harsasai ka bar lodar ta faɗi ƙasa abinta, kar ka tsaya mayar da ita aljihu, sababbi duk a nan suke zubar da daƙiƙa biyu.

Bakano_Houston ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, Kawu Allah ya ja kwana. Na dawo in ba ku labari. Na bi shawarar Kawu na sayi ɗaya ɗaya, 586-A guda da Comp II ta GP100 guda, da harsasan bogi shida da tsirin roba biyu. Ranar da suka iso bayan yara sun kwanta na kwashe harsasai na kai ɗaya ɗakin na kulle na tsaya gaban gado kamar yadda Malam Badamagare ya ce. 586-A ɗin na ɗora ta kawai sai ji na yi ta zauna daram, na murɗa shida suka faɗa lokaci ɗaya, sai na ɗauko 10-A na haɗa su gindi da gindi a ƙarƙashin fitila, wlh bambancin ɗan kaɗan ne amma ga shi nan ana gani, ta GP100 ta fi buɗewa.

Bayan kwana biyar ina gwada duka biyun hannuna ya fi karkata ga ta dannawa, don da ta murɗawa nakan manta in danne silinda da yatsa sai ta juya. Don haka na yi odar Comp II uku na GP100 da zabirarsu, Model 10 kuma zan bar ta da 10-A ɗinta tunda ba da ita zan shiga gasa ba, ba kuma zan taɓa haɗa su a bel ɗaya ba. Hajiya maganarki ta ƙota gaskiya ce, na aro 36-A wajen wani abokina na gwada a 642, tana gogar robar daidai inda kika faɗa, to na bar ta da tsirin roba kawai ya ishe ta. Na kuma leƙa ramukan GP100 da tocila na ga zoben dattin nan baƙi ƙirin a duka shidan, na goge shi da burushin tagulla. Kuɗin 686 Plus na dakatar tukuna, gasa ta gaba Asabar ta biyu ga wata ce kuma na riga na rubuta sunana da GP100. Malam Badamagare zabirar nan a gefen dama ake ɗaura ta gaban kube ko a hagu? Don na ga dattijon nan tasa a dama take kusa da cibiya.

Badamagare_Arizona ya rubuta:

Ya danganta da hannun da kake ɗuri da shi. In kana mayar da bindigar hannun hagu ka riƙe silinda da yatsu ka ɗauko loda da dama, irin yadda dattijon yake yi kenan, to a dama gaban kube za ka sa ta. In kuma bindigar tana zama a hannun dama ne hagu yana ɗuri sai ka sa a hagu. Tunda ka ce kana manta danne silinda, fara da na farkon, yatsunka biyu na tsakiya suna cikin tagar firam babban yatsa yana kan silinda ba inda za ta juya. Ka dai kula da gindin hancin in ka yi harbi da yawa a jere, yana zafi sosai, ni har yanzu akwai ɗan tabo a yatsana na tsakiya.